Ku Tambaya Mu Amsa: Masu Jifan Kurket Ne Suka Gaza, Ko Masu Zaɓensu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma na fara sha'awar wasan kurket ne ta dalilin wasu Indiyawa da muke hulɗar yadi da su. A majalisarmu da ke Fagge mu huɗu ne muke bin wasan, kuma yau kusan wata guda ke nan musu ya ƙi ƙarewa a tsakaninmu. Ni na tsaya a kan cewa masu jifan ƙwallo na ƙungiyar Najeriya su ne matsalarmu, domin duk ranar da muka haɗu da manyan ƙasashen Afirka sai a yi ta tura ƙwallonsu bayan igiyar iyakar fili, don haka a sallame su a kawo sababbin jini. Abokina ya ce laifin masu zaɓen 'yan wasa ne. Na ukunmu kuma ya ce ba mu da godiya, tunda waɗannan yaran ne suka fitar da Kodebuwa da maki 7 kacal. Don Allah Malam a raba mana gardama.

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji. Zan fara da maganar na ukunku, domin ita ce ta fi saurin ruɗar mutum. Gaskiya ne a watan Nuwamban 2024 Najeriya ta tara maki 271 a wasan share fagen gasar cin kofin duniya, sannan masu jifanmu suka fitar da 'yan Kodebuwa gaba ɗaya da maki 7, adadin da ba a taɓa ganin mafi ƙanƙanta daga gare shi ba a gajeren wasan maza na ƙasa da ƙasa, wato mai zubi 20. Gaskiya ne kuma a 2021 mai jifanmu Peter Aho ya fitar da 'yan Saliyo shida alhali maki 5 kawai aka ci a hannunsa, kuma wannan ya zauna a matsayin bajinta mafi girma a duniya har 2023, lokacin da wani ɗan Malesiya ya zarce shi. Abin alfahari ne, ba mai musun haka. Sai dai ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Kodebuwa sabuwar shiga ce a harkar, kuma alƙaluman da aka tara a kan irinta ba sa gaya mana yadda mai jifa zai kasance ranar da ya fuskanci mai bugun da ya mayar da wasan sana'arsa. Awon gaskiya yana wani wuri: a 2019 mun je wasannin share fagen gasar cin kofin duniya a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a gurbin Zimbabuwe, wadda aka dakatar a lokacin, muka dawo ba tare da mun ci wasa ko ɗaya ba, a 2023 kuma aka yi zagayen ƙarshe na share fagen Afirka a Namibiya, mai masaukin baƙi da Yuganda suka wuce, mu muka dawo gida.

To, tsakaninka da abokinka fa? A ganina abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, kuma ga dalili. A gajeren wasa kowane ɓangare yana jefa zubi 20, kowane zubi jifa shida ne, kuma doka ta hana mutum ɗaya ya wuce zubi huɗu. Lissafin a fili yake: dole a sami aƙalla mutum biyar masu jifa cikin goma sha ɗaya. Abin da ke yawan faruwa ga ƙananan ƙungiyoyi, ba mu kaɗai ba, shi ne tsoron kada masu bugu su zube da wuri yakan sa a cusa ƙarin mai bugu ɗaya, a tafi fili da masu jifa huɗu na ainihi, sauran zubi huɗun kuma a raba su ga mutanen da jifa ba shi ne aikinsu ba. Abokan karawa masu wayo sun san da wannan. Sukan lallaɓa gwanayen su wuce, su jira na biyar ɗin, su kwashi maki 40 ko 50 a hannunsa. Da kyaftin ya ga ruwa ya kawo wuya, sai ya dawo da babban mai jifansa tun lokacinsa bai yi ba, ya ƙarar da rabonsa a tsakiyar wasa, ƙarshen wasa kuma ya zo babu wanda za a miƙa wa ƙwallo. Mai kallo a gida zai ga an yi wa mai jifa kaca-kaca a zubi na 19, ya ɗora masa laifi, alhali tun a teburin zaɓe aka yi ɓarnar.

Akwai kuma abin da alƙaluma ba sa nunawa. A zubi shida na farko mutum biyu kawai doka ta yarda su tsaya a wajen da'irar yadi 30, saboda haka wanda aka ba jifa a lokacin tamkar an tura shi gadin kasuwa ne ba ƙyaure. Haka mai jifan zubi huɗu na ƙarshe, lokacin da masu bugu ba su da abin da suke tattali. Idan irin wannan mutum ya ba da maki tara a kowane zubi, mai yiwuwa ya fi wanda ya ba da bakwai a tsakiyar wasa yin aiki. Sannan idan mai jifa ya yaudari mai bugu, ƙwallo ta tashi sama, mai tsaron fili ya saki ta faɗi, babu inda za a rubuta cewa ya yi abin da ya kamata. Abin da za a rubuta shi ne makin da wannan mai bugun zai ci gaba da tarawa a kansa.

Ba ina wanke masu jifan ba ne, Alhaji. Akwai laifi guda da ba na yi wa kowa uzuri a kansa, wato jifan da ya kauce nesa da mai bugu da kuma ƙetare layin jifa da ƙafa. Kowannensu kyautar maki ɗaya ne tare da maimaita jifan, ƙetare layi kuma har da ƙarin bugun da ba a fitar da mutum a cikinsa sai in an riga shi isa layi ko wani abu mai kama da haka. Wannan ba ya buƙatar kayan zamani ko filin Turai, horo ne da natsuwa. Wanda ya mayar da shi ɗabi'a, ina tare da kai, a ajiye shi.

Amma sallamar kowa da kowa ba za ta kai mu ko'ina ba, domin sababbin da kake kira daga rijiya ɗaya za a ɗebo su. Yaron da ya tashi yana jifa a kan siminti ko tabarmar roba ya saba ƙwallo ta yi tsalle iri ɗaya kullum. Ranar da aka kai shi filin ƙasa na ainihi, wanda ake shuka wa ciyawa, a yi masa ban ruwa, a daddaɓe shi, sai ya tarar da cewa filin yana sauya hali tsakanin safe da yamma, kuma wurin da yake sauke ƙwallo a gida ya zama wurin da mai bugu ke jira. Bambancin taku ɗaya ne a cikin tsawon yadi 22, kuma ba a koyonsa sai da yawan wasa a irin filin. 'Yan Zimbabuwe da Namibiya a kansa suka girma.

TAMBAYA: Malam, ni malamar makaranta ce a Gwale, kuma maigidana ne ya koya mini kallon wasan. Shi yana ganin duk mai jifan da ya haura shekara talatin ya kamata ya ba yara wuri, musamman ganin abin da 'yan matanmu suka yi. Ni kuma ban gamsu ba. Yaya abin yake?

AMSA: Malama, a gaida maigida, amma a wannan karon ke ce da gaskiya, ko da yake shi ma yana da hujja. 'Yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke Niyu Zilan da maki biyu a gasar duniya da aka yi a Malesiya a Janairun 2025, kuma jifa da tsaron fili ne suka riƙe musu wasan, domin makin da suka tara ba shi da yawa. Manyansu ma sun ɗauko tagulla a wasannin Afirka da aka yi a Akara a 2024. Wannan ya nuna akwai yara masu tasowa.

Sai dai masu jifa iri biyu ne, kuma shekaru ba sa cin su daidai. Mai jifa da ƙarfi, wanda ke sheƙowa a guje ya saki ƙwallo, jikinsa ne jarinsa. Gadon baya da gwiwa da idon sawu su ke biyan kuɗin, kuma yawan ɗora wa matashi irin wannan aiki tun ƙashinsa bai gama ƙwari ba yakan jawo tsagewar ƙashin baya. Mai murɗa ƙwallo da yatsu ko wuyan hannu kuwa, taku kaɗan yake yi, makaminsa dabara ne da karanta zuciyar mai bugu, kuma waɗannan ƙaruwa suke yi da shekaru. A gasar duniya ta 2024 Frank Nsubuga na Yuganda yana da shekara 43 ya jefa zubi huɗu a kan Papuwa Niyu Gini, maki 4 kawai aka samu a hannunsa, ya fitar da mutum biyu, kuma a ranar ce Yuganda ta ci wasanta na farko a gasar. Da masu zaɓen Yuganda sun bi ƙa'idar maigida, da a gida ya kalli wasan. Tsohuwar zuma da ita ake magani. Abin da nake so masu zaɓe su tambayi kansu shi ne wane ne zai jefa zubin farko, wane ne zai riƙe tsakiya, wane ne ke iya sauke ƙwallo a kan yatsun ƙafar mai bugu a ƙarshe, sannan a duba takardar haihuwa in akwai buƙata.

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara 13 yana da ƙarfin jifa sosai, a unguwarmu ta Tarauni ba wanda ke iya tare ƙwallonsa. Me zan yi masa don wata rana masu zaɓe su gan shi?

AMSA: Allah ya raya shi, ɗan'uwa. Abu na farko, ka tsaya a gefensa ka kalli gwiwar hannunsa. Kwanakin baya na tsaya a bakin wani filin makaranta da yamma, hazon hunturu ya sauko, yara sun jera bulo uku a madadin sandunan da ake kafawa a bayan mai bugu, sun naɗe ƙwallon tanis da salatif. Wanda suka fi tsoro a cikinsu wani siririn yaro ne mai rigar Kano Pillars, kuma lalle ƙwallonsa na da gudu, amma jifan da yake yi irin na mai kakkaɓo mangwaro ne: yana lanƙwasa hannu, sannan ya miƙe shi a lokacin saki. A kurket wannan haramun ne, domin doka ba ta yarda gwiwar hannu ta miƙe fiye da digiri 15 ba daga lokacin da hannu ya kai daidai kafaɗa har a saki ƙwallo. Hannu yana zagayowa ne a miƙe ta saman kai. Idan ɗanka yana da wannan ɗabi'a, yanzu ne lokacin gyara ta, domin bayan shekara biyar zai yi wuya.

Bayan haka ka nema masa ƙwallon fata ta ainihi, mai nauyin wajen giram 160 da ɗinki a tsakiya, saboda riƙon ɗinkin shi ne rabin sana'ar. Ka shimfiɗa ɗan ƙyalle a ƙasa, taku shida ko bakwai kafin inda mai bugu ke tsayawa, ya riƙa ƙirga sau nawa yake sauke ƙwallo a kai cikin jifa shida. Kada ya wuce zubi huɗu ko biyar a yini, kuma ya riƙa hutawa tsakanin ranaku. Sai ka kai shi hukumar wasanni ta jiha ka tambayi mai kula da kurket, domin ta gasannin makarantu da na matasa 'yan ƙasa da shekara 15 da 17 ne Hukumar Kurket ta Najeriya take ganin yara. Ranar da za ku je, ku tafi da takardar haihuwarsa.