Me zan fara canzawa a HP Z440 ɗina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina zanen gine-gine a Zariya, da manhajojin Revit da Lumion nake aiki. Na sayi HP Z440 ta hannu, mai furosesa Xeon E5-1620 v3, ram 16GB, faifan ajiya mai juyawa, da katin hoto Quadro K620. Idan zane ya yi girma sai ta riƙa ja da ƙyar. Mai shago ya ce in sa Xeon mai kai 14. In saya?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka saya tukuna. Z440 ta fito ne a 2014, amma an yi ta don a riƙa buɗewa ana ƙara mata kaya, kuma furosesa ne abu na ƙarshe da zan taɓa a cikinta.

Yawancin ayyukan Revit a kan kai ɗaya (wato core, sashen furosesa mai yin aiki shi kaɗai) suke tafiya, saboda haka saurin kowane kai ya fi yawansu muhimmanci. Naka yana gudun 3.5GHz, shi kuwa mai kai 14, irin E5-2690 v4, gudunsa na asali 2.6GHz ne. Kamar ka ɗebo leburori 14 ne ka sa su aikin da magini ɗaya ke yi. In ma dole sai ka canza, E5-1650 v4 mai kai 6 ya fi dacewa da kai, amma ka sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da na'urar, kafin ka cire tsohon, in ba haka ba tana iya ƙin tashi.

Inda ciwon yake shi ne K620. Ƙwaƙwalwarsa 2GB ce kawai, alhali Lumion kusan duk nauyinsa a kan katin hoto yake. Sai dai kafin ka je kasuwa, ja marfin gefe, ka karanta takardar da ke manne a akwatin wuta. Iri biyu HP ta yi, 525W da 700W. Mai 700W ne ke zuwa da wayoyi biyu masu baki 6 da ake jona wa babban kati. Idan shi gare ka, RTX 3060 mai 12GB zai zauna, yana cin wajen 170W, sai dai ka nemi mahaɗi mai kyau da zai mayar da su baki 8. Idan 525W ne, nemi mai 700W na Z440 ɗin kanta, domin akwatin wutar kwamfutar gida bakinsa bai dace da nata ba. Na roƙe ka kada ka bari a yanke waya a yi maka haɗin gambiza. Kuɗin katin ya fi ƙarfin wannan kasadar.

Faifan ajiya ba sai an yi dogon bayani ba. Sa SSD, wato faifan da ba ya juyawa. Babu gurbin M.2 na ƙananan SSD a allonta, amma ɗan katin da ake cusawa a ramin PCIe zai ɗauki SSD irin NVMe, kuma Windows na tashi daga kansa. Tsohon faifan ka bar shi don ajiyar zanukan da ka gama.

A ram ne mutane suka fi asarar kuɗi. Gurbi 8 gare ta, tana ɗaukar har 128GB, amma DDR4 ECC Registered kaɗai take karɓa, irin na sabar. Na kwamfutar gida zai shiga ramin daram, ta ƙi kunnuwa. Sayi huɗu iri ɗaya masu 8GB ko 16GB, domin ta hanyoyi huɗu furosesan ke magana da ram, kuma jerin gurbin da za ka fara cikawa na nan a zane a cikin marfin.

Abu ɗaya kuma da ya kamata ka sani kafin ka zuba kuɗi da yawa: waɗannan Xeon ɗin ba sa cikin jerin da Microsoft ta amince wa Windows 11, kuma ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Don haka ka fi kashe kuɗi a katin hoto da SSD, waɗanda za ka iya cirewa ka mayar a sabuwar na'ura. Ka haɗa ta da UPS, ka kuma riƙa hure mata ƙura lokacin hunturu.