Amsar Tambayar Baffa Game da Sabon Shugaban Poland

Baffa, Allah ya ƙara girma. Ka tambaye ni dalilin da ya sa mu Hausawan Warsaw ba mu yi murna ba, alhali ka ji a rediyo cewa wanda ya ci zaɓe matashi ne mai riƙo da addini da martabar iyali. Abin da ka ji gaskiya ne. Karol Nawrocki masanin tarihi ne ɗan birnin Gdansk, kuma a ranar 1 ga Yuni 2025, yana da shekara 42, ya kayar da magajin garin Warsaw, Rafal Trzaskowski, da kashi 50.89 cikin ɗari.

Mafi yawanmu ba mu da ƙuri'a, domin ɗan ƙasa ne kaɗai ke zaɓen shugaba, mu kuwa abin da ke aljihunmu katin izinin zama ne da ake kira karta pobytu, wanda ake sabuntawa idan wa'adinsa ya cika. Saboda haka waɗanda suka riga mu zuwa suka ɗora mu a kan al'adar da muke koya wa duk sabon ɗalibi: ba a zancen siyasar masu gari a wurin aiki ko a cikin jirgin ƙasa, sai an fito daga Juma'a a masallacin unguwar Ochota sannan kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba.

A irin wannan zama na ji masu fata, kuma ban ga laifinsu ba. Nawrocki ya yi alkawarin yafe harajin albashi ga iyalai masu 'ya'ya biyu ko fiye, ba ya kuma goyon bayan auren jinsi, abin da ya kwanta wa magidantanmu a rai.

Sai dai ra'ayin mazan jiya a nan yana tafe ne da ƙyamar ƙaura. Taken Nawrocki shi ne Poland da 'yan Poland a gaba, ya ƙi yarjejeniyar Tarayyar Turai kan 'yan ci-rani, har ya ce a fifita ɗan ƙasa a layin ganin likita. Wannan shi ya fi taɓa ni, Baffa, domin duk wata ana cire mini kuɗin inshorar lafiya daga albashi daidai da abokin aikina ɗan ƙasa, kuma 'ya'yana a nan aka haife su.

Gwamnati tana hannun Firaminista Donald Tusk, wanda ba sa ga maciji da jam'iyyar da ta goya wa Nawrocki baya, amma shugaba yana iya ƙin sa wa doka hannu, kuma sai kashi uku cikin biyar na majalisa ne zai tsallake shi. An rantsar da shi ranar 6 ga Agusta 2025, mu kuwa mun shawarci duk wanda katinsa ya kusa ƙarewa da ya miƙa takardunsa tun yanzu. A gaida Inna da mutanen gida.