Kafin ka zaɓi manhajar tsakani, ka fara karya ta

Jiya muna rufe ɗakin na'urori ka tare ni da tambaya: "Maigida, ga takardun kamfanoni uku, kowa na cewa manhajarsa ta tsakani ce ta fi sauri. Me zai hana mu ɗauki mai babbar lamba mu huta?" Na ce ka dakata sai na zauna na rubuto maka, domin ba magana ba ce ta tsaye a bakin ƙofa.

Ɗana, fara da sanin abin da kake saya. Manhajar tsakani, wadda 'yan sana'a ke kira midilwaya, 'yar aike ce. Na'urar da ke karɓar kira tana buƙatar ta tambayi mai riƙe da bayanan masu layi ko wannan mutum yana da izini, ta tambayi mai lissafi ko yana da kuɗi, ta sanar da mai sa ido cewa komai lafiya. Mutane daban ne suka rubuta waɗannan manhajoji, a harsunan kwamfuta daban, a shekaru daban, kuma ba a kan uwar garke ɗaya suke zaune ba, wato babbar kwamfutar da manhaja ke aiki a kanta. 'Yar aiken ce ke ɗaukar saƙo daga wannan ta kai wa wancan. Lambar da ke jikin takardar kamfani tana gaya maka saƙo nawa take ɗauka a daƙiƙa a ranar da hanya ke fili, babu abin da ya lalace, saƙonnin kuma ƙanana ne masu girma ɗaya. Mu kuwa albashinmu na ranar da abu ya lalace ne.

Ka san alkawarin da ake yi a sana'ar nan ta sadarwar waya, wanda ake kira tara biyar: layi ya kasance a raye kashi 99.999 cikin 100 na lokaci. Ɗauki alƙalami ka lissafa. Shekara tana da minti 525,600, don haka abin da aka yafe maka bai wuce minti biyar da 'yan daƙiƙu ba, daga farkon shekara har ƙarshenta. Idan manhajar na buƙatar a kashe ta minti goma don a sabunta ta, ta cinye rabon kusan shekara biyu a zama ɗaya, komai gudunta.

Saboda haka gwaji na farko da nake yi shi ne na ɗora mata kaya. Ba kayan da kamfani ya kawo ba, namu: a kwafi irin saƙonnin da ke gudana a sa'ar da ta fi cunkoso, manya da ƙanana a gauraye, a cire sunaye da lambobin mutane, a zuba mata. A bar ta kwana uku ko huɗu tana aiki, domin akwai cutar da ba ta bayyana a awa ɗaya, kamar ma'ajiyar da ke cika a hankali har ta shaƙe. Kuma kada ka yarda a nuna maka matsakaicin jinkiri kawai. Ka nemi a nuna maka saƙo mafi jinkiri cikin kowane dubu. A ce muna tura saƙo 50,000 a daƙiƙa, ɗaya cikin dubu yana makara: saƙo 50 ke nan kowace daƙiƙa, 180,000 a awa. Kira ɗaya kuma ba saƙo ɗaya ba ne. Idan sai ya ratsa zango goma kafin wayar wancan gefen ta yi ƙara, kowane zango yana makara sau ɗaya cikin ɗari, to kusan kira ɗaya cikin goma zai ɗanɗani jinkirin. Matsakaici yana nan fes a takarda, mai waya kuwa yana ta "halo, halo".

Bayan nan sai na fara ɓarna da gangan, kuma nan ne nake so ka fi zuba ido. Ina zare wayar uwar garke ɗaya tana tsakiyar aiki. Ina yanke hanyar da ke tsakanin cibiyoyi biyu na bar kowacce ta ɗauka ɗayar ta mutu. Ina sa mai karɓar saƙo ya yi sanyin jiki, ba ya mutu ba, yana dai amsawa a makare, domin wannan ya fi mutuwa illa: matacce kowa ya san ya kauce masa, mai jan ƙafa kuwa sai layi ya taru a bayansa. Tambayar da nake nema wa amsa ita ce, idan kaya sun fi ƙarfinta me take yi? Ta ƙwarai tana ce wa mai aikowa ya dakata, ko ta zubar da saƙonni marasa muhimmanci ta riƙe na kiran gaggawa. Ta banza tana karɓa tana tarawa har ta faɗi da kayan duka, sannan masu aikowa su ga shiru su sake turowa, kowa sau uku sau huɗu, kaya su ninka a daidai lokacin da ba ta da ƙarfi.

Dawowa ma ta fi faɗuwa haɗari. Ranar 15 ga Janairu 1990, hanyar kiran nesa ta kamfanin AT&T a Amurka ta rikice na kimanin awa tara. Wata na'ura a birnin New York ce ta samu 'yar matsala, ta sake tayar da kanta kamar yadda aka tsara, ta fara aika wa maƙwabta saƙo. Kuskuren da ke cikin sabuwar manhajar ya sa maƙwabciyar da ta samu saƙonni biyu kurkusa da juna ita ma ta faɗi ta tashi, ta aika wa nata maƙwabtan. Haka abin ya zagaye na'urori 114. Abin da aka rubuta don ya kawo sauƙin farfaɗowa shi ya zama cutar. Ni ma na taɓa kwana a kan irin wannan a wani wurin da na yi aiki: hanya ta yanke na ɗan lokaci, da ta dawo sai duk wayoyin yankin suka nemi rajista a tare. Ina tsaye ina kallon layin saƙo yana hawa a allo, ja a kan ja, har muka rufe ƙofa da hannu muka riƙa shigo da su kashi-kashi. Mun gwada manhajar nan wata biyu kafin mu saya, amma ba wanda ya yi tunanin gwada minti biyar na farko bayan dawowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka gwada wannan tun tana ɗakin gwaji.

Sai batun irin aiken, domin takardun nan uku da ke hannunka ƙila ma ba abu ɗaya suke sayarwa ba. Akwai aiken "je ka dawo da amsa yanzu", kamar tambayar ko mai kira yana da kuɗi. Nan ne gRPC, 'yar aiken da Google ta fitar a 2015, take shiga, kuma tsarin cibiyar 5G da 3GPP, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin wayar salula, ta tsayar a 2018 shi ma a kan HTTP/2, ƙa'idar aika saƙo da gRPC ke bi, sassansa ke magana da juna. Akwai kuma aiken "ajiye wannan, mai shi zai zo ya ɗauka", kamar bayanan cajin kira da ƙararrawar na'urori. Nan ne wurin 'yan aike irin su RabbitMQ, wadda aka rubuta da Erlang, harshen da Ericsson ya ƙirƙira tun 1986 don na'urorin waya, ko Kafka da ta fito daga LinkedIn a 2011. Kafka gwana ce wajen haɗiye tulin bayanai, amma ba zan sa ta a tsakiyar hanyar haɗa kira ba. Ka kuma riƙe cewa tana raba saƙonni ɓangare-ɓangare, kuma tana kiyaye jerin saƙo ne a cikin ɓangare guda kawai. Idan ka warwatsa saƙonnin mai layi ɗaya a ɓangarori daban, "an gama kira" na iya riga "an fara kira" isowa.

Wanda duk ya ce maka saƙonsa ba ya ɓata kuma ba ya maimaituwa, ka tambaye shi daga ina zuwa ina. Idan amsa ta ɓace a hanya, mai aikowa ba shi da yadda zai san ko an karɓa, dole ya sake turowa. Maganin yana hannunmu: kowane saƙo ya zo da lambar shaida, mai lissafi ya duba, in ya taɓa ganin ta ya ajiye gefe. In ba haka ba za a caji mutum sau biyu a kira ɗaya, kuma haƙƙinsa yana wuyanmu.

Ina matashi kamarka CORBA, wata ƙa'idar manhajar tsakani, ce ke tashe. Ƙungiyar OMG mai tsara ƙa'idojin manhaja ta fitar da ita a 1991, manyan kamfanonin waya suka gina tsarin kula da na'urorinsu a kanta. Ta yi aiki, ba zan ci amanarta ba. Amma manhajojin kamfanoni daban sukan ƙi jituwa duk da suna bin ƙa'ida ɗaya, wucewa ta katangar tsaro, mai tace abin da ke shiga cibiyar kwamfuta, ya zama wahala, sannan a hankali masu iya ta suka yi ƙaranci alhali na'urorin suna nan suna aiki. Abin da muka dasa yau yakan kai shekara goma sha biyar ko fiye. Don haka ka tambaya: tsohon siga da sabo za su iya aiki tare yayin da ake sabuntawa ɗaya bayan ɗaya? Idan kamfanin ya rufe, bayananmu da tsarin saƙonmu za su fita cikin sauƙi? Da ƙarfe uku na dare, wanda ke bakin aiki zai iya bin sawun kira ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ya ga inda ya maƙale, ko sai an tashi wani a wata nahiya?

Ga aikinka na makon nan. Ka ajiye takardun, ka rubuta wa kamfanonin uku cewa muna son kowace manhaja a ɗakin gwajinmu na mako biyu, da kayanmu, mu ne kuma za mu zare waya. Ka tsara jerin ɓarnar da za mu yi, ka kawo mini ranar Alhamis mu duba tare. Ka sa yanke hanya da dawo da ita a saman jerin, kuma kai za ka riƙe agogon.