Sintetik ko baƙin mai na gama-gari? Amsar tambayar wani ɗan Kwari

Wani Alhaji da ke sayar da atamfa a Kantin Kwari ya turo min tambaya. Yace yana da mota biyu, Corolla 2012 da yaronsa ke kai kaya Katsina da Daura da ita, tana cin kusan kilomita 2,500 a wata, sai kuma wata tsohuwar Hiace mai shan fetur da ta fara hayaƙi. Bakanikensa yace ya koma sintetik, wato baƙin man da ya fi na gama-gari daɗewa a inji, duka biyun, shi kuma da ya tambayi kuɗi aka ce masa galan dubu 45, alhali wanda ya saba zubawa dubu 18 ne. Wai shin ba asarar kuɗi bane?

Toh Alhaji, Allah ya ƙara kasuwa. Ni dai abin da na fara gani shine kuɗin galan kake kallo, kuma kai ɗan kasuwa ne ka fi ni sanin ba a yin lissafin dila da kuɗin da aka biya kawai sai an duba yadi nawa ne a ciki. Mu ɗauki alƙalumanka. Kilomita 2,500 a wata ya zama 30,000 a shekara. Man gama-gari a irin hanyarmu da ƙura da zafi bai kamata ya wuce kilomita 4,000 zuwa 5,000 ba, kaga juye wajen 6 zuwa 8 kenan a shekara, mu ɗauki 8, in ka haɗa filta da kuɗin hannun yaran gareji a ce dubu 6 duk zuwa, kowane juye dubu 24, sau 8 ya kama dubu 192. Sintetik na gaske zai kai maka 8,000 lafiya lau, juye 4 kenan, dubu 51 sau 4 dubu 204. Bambancin dubu 12 ne a shekara guda cur, kuma ban lissafa ranaku huɗu da motar za ta yini a gareji kaya na jibge a shago ana ta kiranka daga Katsina ba.

Wannan lissafin na Corolla ne fa. Kuma ita ko da bambancin ya fi haka zan ce ka saka mata sintetik, saboda injinta VVT-i ne, akwai ƴan ƙananan hanyoyi da mai ke bi da ƙarfi yana juya lokacin buɗewar bawul, mai kauri irin 20W-50 da kyar yake ratsa su musamman da asuba in an tada mota. Ka buɗe bonet ka duba murfin da ake zuba mai, yawanci an rubuta lambar a kai, in ƴar Amurka ce za ka ga 0W-20 ko 5W-20. Lambar farko ita ke nuna yadda man ke gudu in inji na sanyi, ta biyu kaurinsa in ya yi zafi. Nasan abin da za a ce maka a gareji, wai wannan ruwa ne, zafin Kano zai ƙone shi. Bakanike zai ɗiga mai a yatsa ya murza ya ɗaga maka yace kaga wannan ba shi da jiki. Amma inji mai lafiya wajen digiri 90 yake aiki, ko a Jos lokacin hunturu ko a Sakkwato watan Afrilu, lagireto da fanka ne ke riƙe wannan zafin ba kaurin mai ba. In hankalinka bai kwanta da 20 ɗin ba ka sa 5W-30, iyakarta kenan.

Hiace kuwa labarinta daban, anan ni da bakanikenka mun raba hanya. Motar da ke hayaƙi yawanci tana shan baƙin mai ne, ringi ya gaji ko sil ɗin bawul, duk sati sai an ƙara mata lita. Ka zuba mata man dubu 45 ta ƙone shi ta salansa, wlh kamar ka ciyar da akuya da kilishi ne. Bar ta da 20W-50 ko 15W-40 na kamfani mai suna, a juye kan lokaci. Sannan tsohon inji da ya daɗe yana tara dauɗa, in ka sa masa sintetik yakan wanke dattin da ya toshe wuraren da sil ya mutu sai ka wayi gari ka ga ɗigo a ƙasa, mutane su ce man ne ya fasa inji, alhali ɓarakar tana nan tun da.

Abin da ya fi duk wannan tada min hankali shine jabu. Duk lissafin da na yi maka a sama ya rushe in galan ɗin dubu 45 ɗin nan tsohon mai ne aka tace aka ɗura. Ya taɓa faruwa da ni, na sayi galan a wani shago bakin titi, murfi a liƙe, rubutu tsaf, har ragin dubu biyar aka yi min ina ta murna. Sati biyu inji ya fara ƙara kamar ana kaɗa cokali a kwano, da muka kwance ƙasa abin da ya fito baƙi ƙirin yana warin ƙauri. Tun ranar bana sayen mai sai a gidan man kamfanin da kansa ko wajen dilansu, Mobil ne ko Total ko Ammasco na nan Kano, in karɓi rasit, in tsaya a buɗe galan a gabana. In an gama juye kuma ina sa a huda galan ɗin da wuƙa, don akwai masu bin gareji suna sayen fanko, kai ma ka san ba ruwan sha za su zuba ba. Ka duba bayan galan akwai alamar API mai nuna matakin ingancin mai, in ka ga SN ko SP ya dace da Corolla.

Sai abu ɗaya da ya shafi yaronka. Tunda ba kai ke tuƙi ba, ka ajiye ƙaramin littafi a motar, duk juye a rubuta kwanan wata da lambar da mita ke nunawa, kuma kai ka sayi man da hannunka kar ka bada kuɗi ace an je an yi. Ba zargi bane, amma tazarar dubu 18 da dubu 45 jarabawa ce ga kowa. Lokacin hazo a riƙa kaɗe filtar iska duk sati biyu, ƙurar da ta wuce ta cikin mai take ƙarewa, in ta yi yawa ko sintetik ɗin ba zai kai 8,000 ba. Da safe kafin a tada mota ya zaro gejin baƙin mai ya goge ya mayar ya duba.

Kuɗin da ka rage a kan Hiace kuma ka riƙa ware su gefe, aikin ringi na nan tafe, ka tambayi farashi a Ƙofar Ruwa tun yanzu kafin ta tsaya maka da kaya a hanyar Bichi.