Wane laburare zan ɗauka don manhajar shagon kawuna?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina rubuta wa kawuna ƙaramar manhaja da Python a shagonsa na turare a Balad, Jidda, don kwamfutar shago ta riƙa tura lissafin ciniki zuwa sabarmu kowane dare. Na gwada laburaren requests, ta yi ta kawo kuskuren SSL, wato tsarin tsaron https. Abokina ya ce in sa verify=False a wuce wurin. Hankalina bai kwanta ba, dukiyar kawu ce.

Amsa: Ƙanena, gara da bai kwanta ba. Zaɓin kansa mai sauƙi ne. Tunda HTTP ne da Python, zauna a kan requests. In ka koma C, libcurl ta ishe ka, kuma Qt, kayan gina manhaja na C++, tana da nata sashen sadarwa. Socket tsurarsa, wato haɗa na'ura da na'ura ba tare da laburaren HTTP ba, bar wa mai ƙirƙirar tasa yarjejeniyar sadarwa.

Shawarar abokinka ce ta dame ni, don na gaji da ganin layin nan. Masu koyarwa na bogi a YouTube sun cusa wa yara cewa ai https na nan, bayanan a rufe suke. A rufe suke, amma wa kake miƙa wa? Takardar shaidar da sabar ke miƙowa ce ke tabbatar da cewa sabar taka ce, verify=False kuwa yana hana duba ta. Da zarar ka daina duba ta, wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da ku zai iya miƙo tasa ta jabu, manhajarka ta karɓa ba musu, ta ba shi kalmar sirri da cinikin yini. Ba za ka ga wani kuskure ba, kawu ma ba zai ga komai ba. Masu libcurl su ma haka suke mayar da CURLOPT_SSL_VERIFYPEER sifili, wai "na gwaji ne", shekara uku yana nan.

Kuskuren kuwa yawanci ƙarami ne. Kwanaki na duba wata kwamfuta a wani shago a Makka, ashe ɗan batirin nan mai kama da kwabo, mai riƙe agogon kwamfuta, ne ya mutu, agogo ya koma shekarun baya, kowace takarda ta zama ba ta fara aiki ba. Wasu kuma jerin takardun tushe da kwamfutarsu ta amince da su ne ya tsufa, kamar yadda tsofaffin na'urori suka rikice ranar 30 ga Satumba 2021 da wa'adin wata tsohuwar takardar tushe da Let's Encrypt, mai ba sabobi takardun shaida, ke dogara da ita ya ƙare.

Duba agogo tukuna, sannan ka sabunta certifi, jerin takardun tushe da requests ke amfani da shi. In kai ka sa wa sabar takardar da kanka, ka bai wa verify hanyar fayil ɗinta. Ka kuma sa timeout, wato iyakar lokacin jira, don requests ba ta da shi da kanta, intanet ɗin shago na yankewa za ta iya tsayawa jira har gari ya waye.