Amsa ga mai son yin hunturu a sansanin RV kusa da Dalas

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana Minesota, ka sayi tirelar kwana ta hannu mai tsawon ƙafa 28, kuma kana so kai da uwargida ku ja ta zuwa yankin Dalas ku zauna a sansanin RV, wato wurin da masu tirela da motocin kwana ke kama haya, daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, don ku sada zumunci da abokan makaranta da aka daɗe ba a haɗu ba. Ka tambaya ko sai ka yi wani shirin sanyi tunda Teksas za ka. E, sai ka yi, kuma kada ka yi masa riƙon sakainar kashi.

Sanyin Dalas ba ya kama ƙafar na Minesota, wannan gaskiya ne. A watan Janairu, da rana yakan kai digiri 55 zuwa 57 a ma'aunin Faranhait, da dare ya sauko wajen 36. Amma a shekara akan samu dare wajen 30 da yake taɓa 32 ko ƙasa, wato inda ruwa ke daskarewa, kuma wani lokaci iskar arewa takan sauko ta zauna kwanaki. A Fabrairun 2021 sanyi ya kai digiri 2 ƙasa da sifiri a filin jirgin saman Dalas da Fort Worth, wutar lantarki ta ɗauke wa miliyoyin mutane a jihar. Gidanka na Minesota an gina shi ne domin irin wannan. Tirela kuwa bangonta bai fi inci biyu ba, tankunanta a rataye suke a ƙasa iska na kaɗa su. Takardar da aka manna a jikinta cewa ta dace da kowane yanayi kada ta ruɗe ka, kowane kamfani da abin da yake nufi da ita. Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta da kanka: an rufe cikin da faranti ko tankuna da bututu a fili suke?

Tun kafin maganar sanyi, ka zaɓi sansani gwargwadon inda mutanenka suke. Yankin yana da faɗi ƙwarai. Tsakanin Dalas da Fort Worth kaɗai mil 30 ne, kuma wanda yake Plano da wanda yake Arlington ba maƙwabta ba ne. In ka kama wuri mai araha can bayan gari, za ka ƙare kana tuƙin awa guda zuwa, awa guda dawowa cikin dare, daga nan sai ziyarar ta fara ja baya. Ka duba wa za ka fi gani da masallacin da za ka riƙa Juma'a (akwai manya a Irving da Richardson da Plano), sannan ka nemi sansani a tsakaninsu. Wuraren shaƙatawa na gwamnatin jiha galibi ba sa barin mutum ya wuce mako biyu a jere, saboda haka na 'yan kasuwa mai kuɗin wata za ka nema, kuma tun yanzu, domin 'yan gudun sanyi daga arewa suna kama wuri da wuri.

In ka buga musu waya, ka tambayi shekarun tirelar da suke karɓa. Da yawa ba sa son wadda ta haura shekara 10, wasu kuma sai ka tura hoto sun gani. Wasu sansanonin na 'yan shekara 55 zuwa sama ne. Kuɗin wata kusan kullum ban da wuta, akwai mita a wurinka, don haka ka ji nawa suke sayar da kilowat. Ka ji ko suna yarda a kewaye ƙasan tirela, ko suna rufe ruwa in sanyi ya tsananta. Sai maganar baƙi, wadda ta fi shafar irinmu. Abokanka ba za su zo su kaɗai ba, da iyali za su zo, mota biyu ko uku. Yawancin sansanoni suna ƙayyade mutum nawa da mota nawa a kowane wuri, wasu suna karɓar kuɗi kan kowane baƙo, kuma daga ƙarfe 10 na dare ba a son hayaniya. In akwai zauren taro da ake ba mazauna, ka kama shi ranar da za a haɗu gaba ɗaya. Tirela mai ƙafa 28 mutum huɗu ne ke zama a cikinta da walwala.

To, ruwa. Nan ne ɓarna ta fi yawa. Abin da ke fara daskarewa shi ne tiyon da ya taho daga famfon sansani zuwa jikin tirela, sa'o'i kaɗan a ƙasa da digiri 30 sun ishe shi. Akwai tiyo mai waya a ciki da ke ɗumama kansa, yana da amfani, amma mutane sukan saya su saki jiki, alhali bakinsa biyu a buɗe suke: kan famfon, da na'urar rage ƙarfin ruwa, da matatar ruwa, da inda ya shiga jikin tirela. Ƙarfe ne ko roba mai tauri, su ne ke tsagewa. Ka naɗe su da soson rufe bututu, ka kifa bokiti a kan famfon, matatar kuma ka shigar da ita ciki. Na'urar rage ƙarfin ka tsayar da ita tsakanin 40 da 50 a ma'aunin matsin ruwa na PSI, kada ka cire ta.

Hanyar da na fi yarda da ita ta fi wannan sauƙi. In hasashen yanayi ya nuna dare zai sauka ƙasa da 28, ka cika tankin ruwan shanka tun da la'asar, ka kwance tiyon, ka tsiyaye shi, ka ajiye a ciki, ku yi amfani da injin jan ruwa na tirela har gari ya sake. Ka bar ƙofofin kabad na ƙarƙashin wurin wanke-wanke da na banɗaki a buɗe, ɗumi ya kai ga bututun. Shawar waje da bawul biyu na tsiyaye ruwa da ke leƙowa ta ƙasa su ma a naɗe su. Dabarar nan ta barin famfo yana ɗiga da ake yi a gidaje kada ka kawo ta tirela. In bawul ɗin tankin ruwan wanka a rufe yake, tankin zai cika ruwa ya tumbatso ta wurin wanka. In a buɗe yake, ɗigon zai riƙa daskarewa a tiyon magudana har ya toshe shi ƙam.

Tankin bayan gida bawul ɗinsa a rufe yake zama, ko da sanyi ko babu. In ka bar shi a buɗe ruwan ya zurare, dattin ya taru ya bushe a ƙasan tanki, fitar da shi kuma aiki ne ja. Mu da muke tsarki da buta tankin yakan cika da wuri, amma yawan ruwan taimako ne, ba matsala ba. Ka jira ya kai kashi biyu cikin uku, ka zubar da rana tsaka lokacin da ya fi ɗumi, na bayan gida tukuna, sannan na ruwan wanka ya biyo ya wanke tiyon. Ka ɗaga tiyon ka tsiyaye shi sarai, domin robarsa tana karyewa in ta yi ƙanƙara. Bayan haka ka zuba galan biyu ko uku na ruwa a tankin, in ana tsananin sanyi ka ƙara kamar lita ɗaya ta maganin hana daskarewa na RV, mai ruwan hoda, don ya sauka kan bawul. Na mota guba ne, kada ya kusanci bututun tirela. Uwargida kuma ta riƙa goge tukunya da takarda kafin wanki, domin manja da kitsen nama suna sandarewa a bututu mai sanyi.

Ɗumama ɗaki yana da wani tarko. Mutum yakan sayi hita ta lantarki don ya huta da sayen gas, ɗaki ya yi ɗumi, sai babbar hita mai gas ta daina tashi. Ita kuwa ita ce ke hura iska mai zafi zuwa ƙarƙashin tirela inda tankuna suke, a tirelolin da aka rufe cikinsu. Sai ka ga mutane suna zaune da singileti a ciki, bututu na fashewa a ƙasansu. Saboda haka in dare bai sauko zuwa 32 ba, hitar lantarki ta isa. In ya sauko, ka rage ta, ka bar mai gas ta yi aikinta. In na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi tana da ɓangaren ɗumamawa, shi ma daga digiri 40 zuwa ƙasa ba ya tsinana komai.

Ga lissafin gas. Tukunyar gas mai laba 30, wato kilo 13.6, ta ɗan ɗara mai kilo 12.5 da aka saba da ita a gida, tana ɗaukar galan 7. Kowane galan yana ba da zafi 91,500 a ma'aunin zafi na BTU, jimla wajen 640,000. Hita mai 30,000 a awa za ta cinye ta cikin awa 21 na ci. A kwanakin ƙanƙara da hitar ke ci rabin yini, tukwanenka biyu ba za su kai kwana huɗu ba. Na'urar da ke tsakanin tukwanen tana komawa ta biyu da kanta in ta farko ta ƙare, alamar ta koma ja. In ba ka leƙa kullum, ranar da za ka sani ita ce ranar da duka biyun suka ƙare da tsakar dare. Ka kai a cika maka maimakon musanya a kejin bakin shaguna, domin waɗancan masu laba 20 ne kuma laba 15 ake zuba musu. Tunda ta hannu ka saya, duba shekarar da aka buga a wuyan tukunya, in ta haura 12 ana iya ƙin cika ta sai an sake gwada ta. Kuma ka cika kafin sanyin ya iso, ba ranar da kowa ke layi ba.

Wutarka wataƙila amp 30 ce, wato wat 3,600 gaba ɗaya. Hita mai wat 1,500 tana jan amp 12 da rabi, tukunyar ruwan zafi in tana kan lantarki ta ja kusan haka, ka ga in aka kunna butar shayi bireka ta faɗi. Soket ɗin ciki kuma sau da yawa a kan bireka ɗaya mai amp 15 suke, ba za su ɗauki hita biyu ba. In kana son ta biyu, sandar wutar sansani takan zo da soket dabam mai amp 20, ka jawo daga can da waya mai kauri, lamba 12. Ka riƙa taɓa babban fulogin, in yana zafi ko ya fara baƙi a canja shi, gobara daga nan take farawa. Hita ɗaya awa 10 a rana kilowat-awa 450 ne a wata, sai ka ninka da farashinsu ka san abin da ke jiranka.

Kewaye ƙasan tirela da allon soso mai kaurin inci ɗaya, a liƙe haɗin da tef, yana rage cin gas sosai, kuma ga zaman wata uku ya cancanci wahalarsa. Ban da damin ciyawa, yana jawo ɓeraye kuma makamashi ne.

Danshi shi ne abin da ba a lura da shi sai ya yi ɓarna. Numfashin mutum biyu, tuƙin tuwo, miya tana tafasa, wanka, alwala sau biyar, ga shi kowace laba ta gas da aka ƙona a murhu tana sakin fiye da laba ɗaya da rabi na ruwa a iska. Duk wannan a tagogi da bangon cikin kabad da ƙarƙashin katifa yake sauka, sai funfuna. Ka sayi na'urar tsotse danshi ta gaske mai kwamfireso, ka riƙe shi ƙasa da kashi 50 cikin ɗari, ka bar tagar rufi a buɗe kamar faɗin yatsa biyu ko da ana sanyi, a kunna fanka in ana girki, katifa kuma a riƙa ɗaga ta duk mako.

Wannan kuma don Allah ka isar wa uwargida: turaren wuta a kan gawayi ba ya shiga tirela, a yi amfani da kasko na lantarki. Murhun girki ma ba a ɗumama ɗaki da shi. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari, ɗakin kuma ƙarami ne a rufe. Na'urorin gargaɗi na wannan iska da na yoyon gas suna tsufa cikin shekara 5 zuwa 7, kwanan watan yana bayansu, a tirela ta hannu sau da yawa sun riga sun mutu.

In wuta ta ɗauke, hitar gas ba za ta daɗe ba, domin fankarta batir take ci, amp 7 zuwa 10, batir ɗaya na talaka da ƙyar ya kai asuba. Ƙaramin janareto mai wat 2,000 yana ceto, a ajiye shi waje nesa da taga, aƙalla ƙafa 20. Amma in hasashe ya nuna kwanaki a jere ƙasa da digiri 20, shawarata kada ka yi jayayya da shi. Ka zubar da tankuna duka, ka kashe tukunyar ruwan zafi ta huce ka tsiyaye ta ka juya bawul ɗin da ke kewaye ta, ka sa injin jan ruwa ya ja maganin hana daskarewa, galan biyu zuwa uku, kana buɗe kowane famfo har sai ruwan hoda ya fito, ka zuba kofi guda a kowace magudana. Sannan ku kulle ku tafi gidan ɗaya daga cikin abokan. Ka yi wannan magana da su tun ranar da ka sauka, a san ɗakin da za ku shiga, kuma ku tashi kafin ƙanƙara ta kwanta a titi, domin gadojin Dalas su ke fara santsi kuma direbobin can ba su saba da shi ba.

Haka za ka taho da ita daga Minesota, babu ɗigon ruwa a bututu. Babbar hanya ta 35 mil 1,000 ce ko kusa, ta Des Moines da Kansas City da Oklahoma City, ka ba ta kwana biyu ko uku, ku riƙe ruwan jarka. Sai ka isa ka wanke bututun, kuma ka tabbatar tukunyar ruwan zafi ta cika kafin ka kunna mata lantarki, in ba haka ba ƙarfen ɗumamawarta zai ƙone nan take. Ka wanke gishirin hanya daga ƙarƙashinta a makon farko. Ranar komawa ma ka sake zuba maganin tun a Dalas, domin ƙarshen Fabrairu a Ayowa da Minesota har yanzu tsakiyar hunturu ne. Allah ya kai ku lafiya, ya bar zumunci.