Amsa ga Yaya: abin da ya sa muke kallon 'yan daban makarantun Japan

Yaya, na ga saƙonka. Ka ce abin ya ɗaure maka kai, a ce mutum yana zaune a Makka, ga Harami a kusa, amma uba da 'ya'ya sun tasa talabijin a gaba suna kallon zanen yaran Japan masu rinannen gashi suna naushin juna a bayan makaranta. Ka ce ku a Kano daba ba abin nishaɗi ba ce. Gaskiyarka. Amma bari ka ji ta inda abin ya shigo mana.

Mu da muka tashi a Shari' Mansur, da 'yan'uwanmu na Karantina a Jidda, tashar Spacetoon ce ta raine mu tun da aka buɗe ta a shekarar 2000. A Dimashƙa ake juya katun ɗin zuwa Larabci, kuma ba Larabcin kasuwa ba, tsantsar fusha. Ana yanke abin da bai dace ba, a sauya wa jaruman suna. Shi ya sa iyayenmu ba su hana ba, wasu ma cewa suke yi yaro yana gyara nahawunsa. A nan muka haɗu da Slam Dunk, labarin da Takehiko Inoue ya fara zanawa a 1990. Jarumin, wani dogon yaro mai jan gashi, mafaɗaci, sunansa na asali Sakuragi, mu kuwa Hassan muka san shi. Har gobe idan ka ce Hassan da abokin hamayyarsa Fadi a majalisar sa'o'ina, ba wanda zai tambaye ka 'ya'yan wane gida ne.

Ba faɗan ne ya riƙe mu ba. Hassan yaro ne da kowa ya gama yanke masa hukunci tun bai buɗe baki ba. Malamai sun sallama shi, ɗalibai suna kauce masa a hanya. Sai ƙungiyar ƙwallon kwando ta karɓe shi, aka sa shi ya fara daga tushe, yana buga ƙwallo a ƙasa a gefen fili alhali wasu suna wasa. Akwai wani kuma a cikin labarin da ciwon gwiwa ya raba shi da ƙwallo, ya faɗa cikin 'yan iska, ya kwaso su suka zo tarwatsa wurin atisaye, amma yana haɗa ido da tsohon kocinsa sai ya durƙusa yana kuka yana roƙon a mayar da shi. Na ga ƙattin maza suna share hawaye a wannan wuri.

Ka tuna ko su wa ke kallo. A nan haihuwa ba ta ba ka zama ɗan ƙasa. An haife ka, an haifi mahaifinka, amma iƙama ce a aljihunka, a titi a kira ka Takruni, in ka je gida kuma a ce Takari ya zo. Yaron da ya tashi haka ba ya bukatar a yi masa bayanin wanda aka raina tun daga nesa, kuma in ya ga an ba irin wannan yaron riga mai lamba an ce kai namu ne, abin yana taɓa shi.

Su waɗannan 'yan daban ba ƙirƙira ba ce. A Japan akwai matasan da ake kira bosozoku, masu yawo a kan babura da dare sun cire salansa, sanye da dogayen riguna masu rubutu a baya. A 1982 'yan sandan ƙasar sun ƙidaya sama da 42,000. Yau sun koma 'yan dubbai kaɗan, saboda tsananta dokar hanya da kuma ƙarancin haihuwa. Yawancinsu da sun kusa shekara ashirin suke ajiye abin, su kama aikin gini ko kanikanci, su yi aure. Wato mai zana irin waɗannan labarai a yau yana tuna wani zamani ne da ya shuɗe, yana kuma yi masa kwalliya. A cikin labaran ƙarami yana rusuna wa babba, faɗan da ake girmamawa na mutum ɗaya da ɗaya ne kuma da hannu, wanda ya zaro wuƙa shi ne matsoraci. Ba ɗan siyasar da ke raba musu kuɗi da ƙwaya ranar zaɓe, ba ƙwacen waya. Nan suka rabu da abin da kuke gani a lunguna, kuma ba zan ce maka ɗaya ne ba.

Sai dai ba zan wanke abin tas ba. Na zamaninmu an tace shi kafin ya iso. Yaranmu kuwa a Netflix da Crunchyroll suke kallo, da Japananci da fassara a ƙasa, ba mai yanke musu komai. Tokyo Revengers, wanda ya fito a 2021, shi ya fi tashe a wurinsu. Labarin wani mutum ne da rayuwa ta yi wa atishawar tsaki, yake komawa baya shekara goma sha biyu don ya ceci tsohuwar budurwarsa daga kisa, ya kuma hana ƙungiyar abokansa lalacewa. Yana da kyau ta wani gefen, don jarumin bai iya faɗa ba, duka kawai yake sha ya ƙi faɗuwa, kuma an nuna inda daba take kai mutum: kurkuku, kabari, uwa tana kuka. Amma akwai jini, akwai suka da wuƙa, kuma shugabannin ƙungiyar an zana su da kyan da zai sa ɗan shekara goma ya so ya zama su. Ni a gidana ƙananan ba sa kallonsa. Babban yana kallo, amma a falo, ina zaune, ba a waya cikin bargo ba. Maƙwabcina ya hana gaba ɗaya, wani kuma ko tambaya ba ya yi, to ka ga mu ma bakinmu bai zo ɗaya ba.

Game da ɗanka da ka ce ka kama yana kallo a wayar yayarsa, kafin ka karɓe wayar ka tambaye shi wa ya fi so a cikinsu, kuma don me. In ya ambaci wanda ke tare wa abokinsa duka, ka zauna ku kalli kashi ɗaya tare. In kuwa wanda kowa ke tsoro ne ya burge shi, to ka bincika su wa yake tafiya da su bayan an tashi daga Islamiyya.

A gaida Hajiya da yara.